Kundin aikin ɗaukar hoton tsoffin sulallan mahaifina

4 ga Nuwamba, 2023

Yau na gama ƙirga abin da ke cikin gwangwanaye ukun da muka samu a ƙasan adakar marigayi mahaifinmu, kuma adadin ya tsaya a ƙwaya 412, ban da kuɗin wuri da ke ƙulle cikin wani tsumma. Mafi yawansu kuɗin zamanin Turawa ne na Afirka ta Yamma, wato anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka. Akwai kuma na Tarayyar Nijeriya masu shekarar 1959, da kwabban da suka fito tare da naira a ranar 1 ga Janairu, 1973, da 'yan dala-dala na sefa da ya riƙa dawowa da su daga Maraɗi lokacin da yake fatauci, sai manyan azurfa guda biyar masu hoton Maria Theresa, sarauniyar Austria, waɗanda kakarmu take kira liyari.

Da aka zo rabon gado, 'yan'uwana sun amince kada a raba waɗannan sulallan, a bar su wuri guda a hannuna. Amana ce ke nan, ita kuwa amana tana son rubutu da shaida. Saboda haka na ƙuduri aniyar ɗaukar hoton kowace ƙwaya gaba da baya, a yadda mai kallo zai karanta shekara, ya ga rubutun Larabcin da ke jikin masu huda, ya kuma gane ɗan mitsitsin harafin da ke nuna masana'antar da ta buga ta.

Mako biyu na yi ina gwadawa da wayata, abin bai yi ba. Idan na matso kusa, wayar ta ƙi saitawa, inuwarta kuma ta rufe kuɗin. Idan na ja baya na zuƙo, sai manhajar wayar ta goge ƙananan zane-zane tana ganin datti ne, har anini ya fito sumul kamar an shafa masa man kaɗanya. Daga cikin hotuna 60 da na ɗauka, 11 ne kawai ake iya karanta shekararsu ba tare da kintace ba. Na fara tambayar farashin sabuwar kyamara babba, domin a ganina matsalar duk a nan take.

18 ga Nuwamba, 2023

Ƙanena, wanda ke ɗaukar hoton biki, ya kai ni wurin dattijon da ya koya masa sana'a, mutumin da ya yi shekaru yana wanke hoto a ɗakin duhu tun zamanin fim. Na nuna masa hotunan da ke wayata, na gaya masa kyamarar da nake son saye. Ya daɗe yana juya wani kwabo a tafin hannunsa kafin ya yi magana.

"Ɗana, wannan abin gudu yake yi?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To, me za ka yi da kyamarar masu ɗaukar hawan Sallah? Abin da ba ya motsi, ƙafa yake so mai ƙarfi da haske mai hankali. Kyamara ita ce ta ƙarshe a lissafinka."

Daga nan ya sa jikansa ya jawo wata tsohuwar na'urar faɗaɗa hoto daga ƙarƙashin tarkace, irin wadda ake sa fim a kanta ta haska shi bisa takarda. Kanta ya lalace, amma sandar ƙarfen da faifan katakon da take tsaye a kai lafiyarsu lau, kuma marikin da ake murzawa kan ya hau ko ya sauka bai cije ba. Ya ce in tafi da ita, in ba shi abin goro. Ƙanena kuma ya ara mini tsohuwar kyamararsa da ya ajiye, Canon EOS 600D, ƙirar 2011 mai megafiksel 18, tare da lens ɗin da ake sayar da ita da shi, wato gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara, mai milimita 18 zuwa 55. Na dawo gida da kaya niƙi-niƙi ban sayi komai ba, kuma gaskiyar magana ban gamsu da shawarar dattijon ba, kawai dai ba ta ci mini kuɗi ba ne.

9 ga Disamba, 2023

Mai walda ya cire kan na'urar, ya haɗa wani lanƙwasasshen ƙarfe a gurbinsa mai huda guda. Abin da ya ba mu wahala shi ne kusar da za ta shiga gindin kyamara, domin ita awon inci take bi, rubu'in inci mai zare 20, alhali kusoshin da ke shagonsa duk na awon milimita ne. Ya so ya tura wata da ƙarfi na hana shi, don da ta cinye zaren kyamarar aro. A ƙarshe daga jikin wata karyayyar ƙafar kyamara muka kwance wadda ta dace.

Da na ɗora kyamarar tana kallon ƙasa, hotunan farko sun fito da wani aibu: gefen dama na kwabo ya fito ras, gefen hagu ya yi dishi-dishi. Dalili shi ne fuskar kyamarar ba ta daidaita da faifan ba. Dabarar da Baba ya gaya mini ce ta raba gardama. Ana ajiye ƙaramin madubi a inda kuɗin zai kwanta, a duba allon kyamara, a yi ta gyara har sai hoton bakin lens ɗin ya zauna a tsakiyar allo daidai. Da gutsuren gwangwanin madara guda biyu na cike gibin da ke bayan ƙarfen, madubin kuwa na uwargida ne, kuma har yanzu ban mayar ba.

Yanzu ba na taɓa kyamarar lokacin ɗauka. Ina kunna kallo ta allo, wanda ke ɗage madubin cikin kyamara tun kafin a ɗauka, in faɗaɗa hoton sau 10 in saita da hannu, sannan in sa jinkirin daƙiƙa 2. Da wannan kaɗai, hotuna 38 cikin 40 sun fito ana karanta shekararsu. Ban faɗa wa ƙanena ba tukuna, don na san dariyar da zai yi mini.

Sai dai lens ɗin yana da iyaka. Girman da yake iya saukar da abu a kan sensa, wato ɗan faifan cikin kyamara da hoto ke sauka a kansa, bai wuce kashi 34 cikin 100 na ainihin girmansa ba. Anini kuwa faɗinsa kusan milimita 20 ne, don haka yakan kama kusan milimita 7 a sensar da tsayinta ya kai milimita 14.9, wato fiye da rabin hoton fanko ne. Ga fataka da babban kwabo wannan ya wadatar, amma ga anini da taro da sisi bai isa ba.

23 ga Disamba, 2023

Na yi asara ƙarama. Na sayi zobban da ake sawa tsakanin kyamara da lens don a ƙara kusanto da abu, na zaɓi masu arha, ashe ba su da 'yan ƙarafan da ke kai saƙo tsakanin biyun. Lens ɗin Canon irin wannan ba shi da zoben da ake murzawa a tsuke ƙofar haske, kyamara ce ke ba shi umarni, don haka da zarar zobban sun shiga tsakani sai ƙofar ta tsaya a wangale. Akwai dabarar tsuke ta a jikin kyamara, a danne maɓallin da ke riƙe ta a tsuke, a kwance lens ɗin a haka, amma wannan na nufin buɗe cikin kyamara sau da yawa a tsakiyar hunturu. Arha ba ta ado, na mayar da su kwalinsu.

6 ga Janairu, 2024

Hazo ya sauka sosai a Kano makon nan, kuma ƙura ta zama abokiyar aikina. Ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani a kan sisi, a hoto sai ta fito kamar tsakuwa. Wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe kuma suna fitowa a wuri guda a kowane hoto, musamman idan na tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko fiye (yawan lambar shi ne yawan tsukewa), abin da ya nuna a kan sensa suke, ba a kan kuɗin ba. Na sayi robar hura iska, na toshe tagar ɗakin da jiƙaƙƙen zane, kuma na daina shimfiɗa baƙin yadi a ƙarƙashin kuɗin, domin yadi matattarar ƙura ne. Yanzu ina ɗora kowace ƙwaya a kan murfin kwalba wanda faɗinsa bai kai nata ba, ta yadda za ta ɗago daga ƙasa, bayanta ya dushe, gefenta ya fito sarai. Masu huda sun buƙaci wata dabara, tunda ta hudar ake hango murfin, sai na shafa wa cikinsa baƙin fenti marar sheƙi.

Na kuma yanke shawara kan lens. Biyu nake dubawa, duka na makro ne masu iya saukar da abu a kan sensa da ainihin girmansa: mai milimita 60 da mai milimita 100. Na farkon ya fi sauƙin kuɗi da nauyi, amma a iyakar kusantarsa tazarar da ke tsakanin bakinsa da kuɗin kusan santimita 9 ce, na biyun kuwa kusan 15. Wannan tazara ita ce hanyar da haske zai bi ya sauka a kan kuɗin daga sama, kuma na riga na ɗanɗana wahalar inuwa tun a waya. Mai milimita 100 zan nema, na hannu.

27 ga Janairu, 2024

Lens ɗin da na yi oda daga wani mai shago a Legas ya iso, jikinsa tsaf kamar sabo. Da na haska tocila ta bayansa na leƙa ta gaba, sai ga wasu zare-zare farare kamar saƙar gizo-gizo a gilashin ciki. Fumfuna ce, irin wadda laima ke haifarwa, kuma idan ta daɗe takan ci rufin gilashin. Mai shagon ya ce ba za ta fito a hoto ba. Wataƙila yau ba za ta fito ba, amma ba zan ajiye ta kusa da kyamarar aro ba. Bayan kai-komo na kwana shida ya karɓi kayansa, kuɗin mota kuwa zuwa da komawa a kaina ya ƙare.

17 ga Fabrairu, 2024

Wannan karon hannu da hannu na saya, daga wani mai hoto da ya koma amfani da wata ƙirar kyamara, kuma sai da na haska tocila a gabansa kafin in ƙirga kuɗi. Canon ne mai milimita 100, f/2.8. Abin da na biya ya isa sayen ragon layya matsakaici, kuma shi ne kashe kuɗi mafi girma a aikin nan zuwa yau.

Anini yanzu yana cika hoton daga sama zuwa ƙasa, faɗinsa ya haura fiksel 3,000, inda a da yake wajen 1,600. Na ɗauki ƙwaya guda na gwada ta a f/4 da f/5.6 da f/8 da f/11 da f/16, na jera hotunan a kwamfuta. Na zaci mafi tsukewa zai fi kaifi, sai na tarar akasin haka: a f/16 komai ya shiga saiti amma komai ya yi laushi, domin haske idan ya ratsa ƙaramar kafa yakan bazu. Kuma kusantowa tana ƙara wa abin tsanani, tunda f/8 a girman da nake ɗaukar anini aikin kusan f/13 yake yi. Na tsaya a f/5.6 ga waɗanda suka sha hannu suka lafe, f/8 ga masu tudun zane.

Daren jiya na zauna da aninai da kwabban 1936, waɗanda a da na tara su wuri guda a matsayin abu ɗaya. Da hoton ya cika allon kwamfuta, sai na ga ashe sarakuna biyu ne. Wasu an rubuta GEORGIVS V, wato Sarki George na Biyar, wasu kuwa EDWARDVS VIII, wato Edward na Takwas, sarkin Ingilan da ya hau a Janairun 1936 ya yi murabus a Disambar shekarar. A Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma a nan Afirka ta Yamma an kashe anini da ɗari da kwabo masu sunansa, ba tare da hotonsa ba, tunda huda ta cinye wurin da kai zai zauna. Guda bakwai na samu. Ba wasu masu tsada ba ne, an buga su da yawa, amma na jima ina kallon allon.

Ƙananan haruffan ma sun bayyana. H na masana'antar Heaton ce da ke Birmingham, KN na King's Norton ne a wannan birnin, wanda ba shi da harafi kuwa aikin masana'antar gwamnati ne ta Landan. Wani kwabo da na rubuta a littafina cewa ba shi da harafi, ashe KN ne datti ya cike. Sai na sake bin jerin gaba ɗaya.

2 ga Maris, 2024

Kaifi ya samu, saura haske, kuma a nan ne na fahimci abin da Baba yake nufi da haske mai hankali. Filashin kyamara ba ya aiki ko kaɗan, domin ƙarfe yana maido shi kamar madubi. Hasken taga yana da kyau, amma na ƙarfe tara daban da na ƙarfe goma sha ɗaya, ga shi hazo yana rina shi ja. Na sayi fitilun tebur guda biyu masu wuyan da ke lanƙwasuwa, na kafa su a inda ƙarfe goma da ƙarfe biyu suke a fuskar agogo, na ɗaga su sama kusa da lens gwargwadon iko. Idan fitila ta yi ƙasa, kowane ƙarce a jikin kuɗin sai ya zama kwari, filin kuma ya yi duhu. Idan ta yi sama, filin ya haskaka, rubutu ya fito da siririyar inuwa a gefensa. Ga kwabban da suka lafe ƙwarai nakan kashe fitila guda in kwantar da ɗayar da gangan, domin wannan inuwar ce kaɗai ke tono shekarar da ta kusa ɓacewa.

Kuskure biyu na yi a nan. Na farko, ƙwayayen fitilar ba iri ɗaya ba ne, ɗaya farinta ya karkata zuwa shuɗi, ɗaya zuwa rawaya, sai sule ya fito rabi azurfa rabi tagulla. Wannan ba ƙaramin aibu ba ne, domin launi shaida ne a wannan tarin: sulallan da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, daga 1920 kuma aka koma gaurayen tagulla mai rawaya. Na sauya su da biyu daga kwali guda, na rufe bakinsu da farar takarda mai shara-shara, kuma a farkon kowane zama ina ɗaukar hoton kati mai ruwan toka don in daidaita launin sauran da shi. Na biyu, ranar da aka ɗauke wuta na tayar da janareta, hotuna suka riƙa fitowa wani da haske wani da duhu, alhali ban taɓa komai ba. Fitilun suna ƙyaftawa ne da saurin da ido ba ya kamawa. Na koma fitilu masu shan wuta daga batirin cajin waya, matsalar ta kau, kuma ɗaukewar wuta ta daina tsayar mini da aiki.

23 ga Maris, 2024

Azumi ya sauya mini lokacin aiki, kuma sauyin ya yi amfani. Tsakanin sallar asuba da fitowar rana babu manyan motocin da ke girgiza ƙasa a titinmu, yara suna barci, ɗakin kuma da sanyi. Na haɗa kyamarar da kwamfuta ta waya, ina sarrafa ta da manhajar EOS Utility, hoto yana sauka kai tsaye cikin jakarsa. Kowace ƙwaya tana da lamba daga 001, kuma lambar ce a sunan hoton, a littafi, da kan 'yar ambulan ɗin takardar da nake sa ta.

Kwabban 1973 da ba su sha hannu ba sun ƙi fitilu biyun. Filinsu yana sheƙi, sai ya fito baƙi ƙirin, zanen kuma ya yi fari fat. Maganin da na gwada shi ne gilashin firam ɗin hoto, wanda na jingina a karkace, digiri 45, tsakanin lens da kuɗin. Fitila guda tana haskowa daga gefe, gilashin ya karkato da wani kaso na hasken ƙasa daidai ta inda lens yake kallo, a ɗaya gefen kuma na kafa baƙin kwali ya shanye ragowar. Haske yana raguwa sosai, har ɗauka takan kai daƙiƙa guda, amma sandar Baba ba ta motsi.

Da wannan na ɗauki kwabo 25 mai dalar gyaɗa. Na sha riƙe wannan kuɗin ina yaro, an sha aike na da shi, amma ban taɓa lura da cewa mai zanen ya fitar da layukan buhunan hawa-hawa ba sai yau, ga kuma ƙwayoyin gyaɗar da saƙar ɓawonsu. Na tura wa yayarmu hoton, ta kira ni tana cewa, "Kai, wannan ai ita ce dalar da Baba yake ba mu labari, wadda ake yi a bakin layin dogo." Sauran 'yan'uwansa ma sun fito da kyau: auduga a rabin kwabo, rijiyoyin mai a kwabo ɗaya, koko a kwabo 5, da bishiyar kwakwar manja a kwabo 10, wanda mutane suka ci gaba da kira sule domin darajarsu ɗaya da tsohon sule a lokacin canjin.

20 ga Afrilu, 2024

Bayan Sallah na koma kan liyari. Faɗinsa kusan milimita 40 ne, don haka sai da na murza kyamarar sama har kusan rabin mita daga faifan kafin ya shiga hoto gaba ɗayansa. Da sandar gajeruwa ce, da wannan lens ɗin ya zame mini matsala.

Duka biyar ɗin 1780 ce a jikinsu, amma wannan ba ya nufin a shekarar aka buga su. Ita ce shekarar da Maria Theresa ta rasu, kuma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a Biyana, babban birnin Austria, da wasu biranen har ƙarni na ashirin, saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da yankinmu sun saba da shi a haka. Biyu daga cikin namu maƙerin farfaru ya liƙa musu 'yar kunne don a rataya a wuya, kuma ɗaya kakarmu ta goge shi da toka da lemon tsami har fuskarsa ta cika da siraran ƙarce. Lens ɗin bai ɓoye ko ɗaya ba. Na bar su a hoton yadda suke, kuma ban wanke ko ƙwaya guda a tarin nan ba, iskar roba kawai nake hura musu.

Gefen liyari yana da rubutu, IUSTITIA ET CLEMENTIA, wato adalci da rangwame da Latinanci, kuma na so ya fito a hoto guda. Na kwance kwanon da ke maido haske daga cikin wata tsohuwar tocila babba, na kwantar da kuɗin a cikinsa, sai rubutun gefen ya bayyana a zagaye da shi kamar zobe. Huɗu sun nuna haruffa masu kaifi. Na biyar kuwa gefensa ya cakuɗe, kuma a fuskarsa akwai ƙananan ramuka kamar na abin da aka zuba a tukunyar narka. Na ɗora shi a ma'aunin masu zinariya. Na gaskiya nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, wannan kuwa bai kai 25 ba, alhali bai lafe ba. Na rubuta a littafi cewa ina zargin na zubi ne, na kuma sanar da 'yan'uwa a ranar, don kada wata rana a ce a hannuna aka musanya.

18 ga Mayu, 2024

Maganar sabuwar kyamara ba ta bar zuciyata ba, don haka na roƙi ƙanena ya kawo wadda yake aiki da ita yanzu, mai megafiksel 24, muka ɗora ta a sandar da lens ɗina da fitiluna, muka ɗauki anini guda da kowace. Tsohuwar tana ba da fiksel 5,184 a faɗi, sabuwar 6,000, ƙarin da bai kai kashi 16 cikin 100 ba. Na jera hotunan biyu a allo ban gaya masa wanne ne wanne ba, na ce ya nuna na kyamararsa. Ya duba, ya sake dubawa, ya nuna na tsohuwar.

"Yaya, ka riƙe kuɗinka," in ji shi. "Tsohuwar ma na bar maka ita."

Kuɗin da na ware sun tafi ga faifan ajiya guda biyu, ɗaya a gidana ɗaya a gidan yayarmu, da batiri na biyu, domin kallo ta allo yana cin batiri, kuma a zafin watan nan kyamarar takan yi ɗumi har in kashe ta ta huta.

8 ga Yuni, 2024

Ruwa ya fara sauka, ƙura ta kwanta, laima kuma ta karɓi wurinta. Na tuna lens ɗin Legas, na sayi roba mai murfin da ba ya shigar da iska, na zuba ƙullin ƙwayoyin da ke tsotse laima, a ciki kyamara da lens suke kwana yanzu.

Na kammala 296 cikin 412, gaba da baya. A lamba 288, wani kwabon tagulla na 1959 mai tauraro, hoton ya nuna ɗigo kore mai gari-gari a bakin hudar, wanda ban gani da ido ba. Irin wannan tsatsar takan ci gaba da cin ƙarfen idan ta samu laima, don haka na ware shi a ambulan dabam, na ɗauke shi a iyakar kusantar lens da ma'aunin milimita a gefensa, kuma zan sake ɗaukarsa ranar 8 ga Yuli a wannan saitin in gwada girman ɗigon. Akwai kuma wani anini na 1908 da ya fi 'yan'uwansa rashin nauyi a hannu, farinsa kuma ya dushe. Aninan farko na 1907 da wasu na 1908 da alminiyam aka yi su kafin a koma gaurayen jan ƙarfe da nikel, saboda haka shi ma zai hau ma'auni. Sauran 116 ɗin mafi yawansu taro ne da sisi da sefa. Kuɗin wurin da ke cikin tsumma zai zo a ƙarshe, kuma tunda shi ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar sule, sai na koyi haɗa hotuna da yawa masu saiti daban-daban su zama guda kafin in taɓa shi.